Babi na 6: Kayen mai mantuwa bayan ciwo

Darasi na 1

Akwai waɗanda korona ta kama, zazzaɓi ya sauka, tari ya tsaya, amma kai bai koma daidai ba. Inna ta ɗora miya, ta rasa ko ta sa gishiri. Mai tebur a kasuwar Tawa ya ƙirga canjin jikka ɗaya, ya sake, ya ruɗe. Ga gajiya, ga faɗuwar gaba, barci ya ƙi. Kada a yi saurin cewa sammu ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an yi wata 3 da kamuwa, alamun suka riƙe mutum aƙalla wata 2, ba a kuma ga wani ciwon da ya kawo su ba, to ragowar korona ce. Shi ya sa majo, ma'aikacin likita, yakan tambaya: "Tun yaushe?" Mai mantuwa ina zai sani? Sai kaye, wato littafin rubutu.

Darasi na 2

Ku buɗe kaye. Daga hagu ake farawa, ba kamar allo ba. Hagu, hannun da ake ɗaura agogo.

Kafin komai, kwanan wata. Rana, sanda, wata, sanda, shekara. Ga misali: 19/03/2020, ranar da aka fara samun korona a Yamai. 19 rana ce. 03 wata na uku ne, Maris. Watan kalanda ake nufi, ba watan sama ba. Ku kwafa. Madalla, hannu zai saba.

Yanzu na yau. Rana tukuna. Baba, rana tukuna, sannan wata. In ba ku sani ba, yana kan fuskar salula, ko ku tambayi jika, ba abin kunya ba ne.

Gobe sabon layi, sabon kwanan wata. Nan ne kullum ake faɗuwa. Sai mutum ya kawo mini shafi cike da "na gaji, na gaji", ba rana ko ɗaya. Haba jama'a! Wannan majo ya yi me da shi? Hajiya, kin rubuta "jiya". Bayan sati biyu wace jiya? Ku goge, ku sake. Rana, wata, shekara.

Darasi na 3

Ƙarƙashin kwanan wata, abin da kuka ji: mantuwa, gajiya, tsoro, rashin barci. Ku ƙara aikin da kuka yi, don wasu sai washegarin aiki mai nauyi jiki ke kayar da su. Ku dinga hutawa tun ba ku gaji ba.

Darasi na 4

Ku kai kaye da karne (littafin asibiti) likita. Wanda ya ji yana son cutar da kansa, a kai shi ran nan, kada a jira.