Yadda Ake Kwance Tsohon Injin Babur A Gyara Shi A Gida

Babur ɗin da ya shekara biyar ko shida yana jigila tsakanin Kawo da Sabon Tasha, ko yana kurɗawa lungunan Rigasa da buhun masara a baya, da kansa yake sanar da mai shi cewa ya gaji. Kik ya yi laushi, kana takawa ƙafarka ta wuce ƙasa sululu. Baƙin mai yana raguwa duk mako alhali babu ɗigo a inda ya kwana. Salansa na tofar da shuɗin hayaƙi. In ka ɗauko mutum za ku hau gadar Kawo, sai ka sauko giya ta biyu yana ta nishi.

Yawancin baburan da muke hawa a Kaduna, su Bajaj Boxer da TVS da Haojue, silinda ɗaya gare su, daga 100cc zuwa 150cc, kuma iska ce ke sanyaya su. Mai haƙuri zai iya kwance su a tsakar gida ya mayar. Abu biyu ne ke kayar da mai koyo, ƙura da mantuwa.

Kafin ka ɗauki sifana

Tayar da injin ka tsaya ka saurara. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, wannan aikin kafireto ne (mai gauraya fetur da iska) ko matatar iska da ta toshe, bai kai a buɗe inji ba. Shuɗin hayaƙi shi ne baƙin mai yana ƙonewa. In da safe kawai yake yi sannan ya ɗauke, robobin bawul (ƙofofin shigar fetur da fitar hayaƙi a kan inji) ne suka bushe. In kuwa duk sanda ka murɗa totur yake ƙaruwa, ringin fiston ya cinye. Tsohon Jincheng AX100 daban yake: ba shi da bawul, kuma dama da man tu-ti yake aiki, wato man da ke ƙonewa tare da fetur, hayaƙi ɗabi'arsa ce. Wannan bayanin ba nasa ba ne.

Ƙara ma tana magana. Cakal-cakal mai sauri daga sama, tafet ne (ƙarfen da ke danna bawul) ko sarƙar taimin (mai daidaita lokacin buɗe bawul) ta saki. Ƙwas-ƙwas mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in injin ya ɗauki kaya, wannan kon rod ne (sandar da fiston ke kanta) ko boris ɗinsa, kuma aikin ya girma. Cire fulogi ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka maka kik. Injin mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi, fus! Wanda ya gaji sai dai ya hura maka iska kamar mafici.

Wuri da kayan aiki

In lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada ka buɗe inji a fili. Ƙurar da ba ka gani ita ce ke zama yashi tsakanin fiston da bulok, wato silindar da yake kai-komo a ciki. Shiga zaure ko shago, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka shimfiɗa kwali ko buhu. Ka nisanci murhu da risho da janareta, domin akwai fetur a wurin. Ka kuma kori yara da kaji. Ba wasa nake yi ba, kaza tana haɗiye ƙaramar washa.

Za ka buƙaci sifana da soket masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17, sifanar fulogi, filaya mai tsinin baki, sukudireba irin wadda ake buga wa guduma, gudumar roba, da siraran ƙarafan nan na auna tazarar tafet. Sai kananzir na wanki, tsummoki masu tsabta, da gwangwanayen madara kamar goma. Kowane sashe da gwangwaninsa. Wayarka ma kayan aiki ce: ɗauki hoto kafin ka cire komai, domin abin da kake rantsuwa ba za ka manta ba yau, jibi zai ɓace maka.

Wanke injin ta waje tas tun yana jikin babur. Tayar da shi ya ɗan yi ɗumi, sannan ka tsiyaye baƙin man a roba mai faɗi ka duba shi a rana. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu na cin wani abu a ciki. Kada ka zuba shi a kwata, ka ɗura a jarka.

Kwance sama

Cire wayar batir, ka rufe fetur, ka sauke tanki da kafireto da salansa. Buɗe murfin gefen hagu inda magneto yake, wato faifan nan mai maganaɗisu da ke samar da wuta. Juya shi da hannu har alamar T ta yi daidai da tsagar da ke jikin inji, kuma ka taɓa tafet biyun ka ji suna ɗan motsi. A nan fiston yake can ƙololuwa, bawul duka a rufe. Ɗauki hoton yadda alamar da ke jikin faifan kam, wato faifai mai haƙora da sarƙar taimin ke juyawa a kan inji, take zaune. Wannan hoton ya fi sauran muhimmanci.

Sassauta abin ɗame sarƙar taimin, ka kwance faifan, ka ɗaure sarƙar da waya don kada ta zube ciki. Injin irin na Honda CG ba shi da wannan sarƙar, sanduna biyu ne ke tura bawul, ka zare su kawai ka ajiye kowanne a gefensa. Notocin kan inji kuwa a gicciye ake sassauta su, kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta. In kan ya liƙe, gudumar roba a hankali. Kada ka cusa sukudireba a tsakani, almini ne, tabo ɗaya ya isa ya sa mai ya riƙa tsiyaya har abada.

Zare bulok ɗin sama. Da zarar fiston ya bayyana, tun kafin ka yi komai, cusa tsumma a ramin da ke ƙarƙashinsa, sannan ka cire kilif da fin ka zare fiston. Ni na taɓa raina wannan matakin. Ɗan kilif ɗin da ke riƙe fin ɗin fiston ya kuɓuce daga bakin filaya, na ji ƙararsa, ƙil, ya faɗa cikin inji. Aikin yini ɗaya ya koma na kwana uku, sai da na sauke injin gaba ɗaya na kifa shi ina girgizawa kamar asusu.

Abin da za ka duba

Kama kan kon rod ka ja shi sama ka tura ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Amma in ka ji yana wasa sama da ƙasa, ko da kaɗan ne, boris ɗinsa ya tafi, dole a tsaga injin biyu. Shawarata, in wannan ne karonka na farko, ka sauke injin ka kai wa makaniken da ke da abin zare magneto da injin matse karanshaf (shaf ɗin da kon rod ke juyawa). Masu buga wa magneto guduma suna lalata maganaɗisun da ke ciki, su kuma lanƙwasa bakin shaf. In rod ɗin lafiya lau yake, bar ƙasa yadda take. Ba kowane tsohon inji ne ke buƙatar a tsaga shi ba.

Yanzu bulok. Shafa cikinsa da farce. In farcen yana maƙalewa a wani zane, ko ka ji tudu a can sama inda ringi ke tsayawa, sabon ringi kaɗai ba zai yi magani ba. Cire tsohon ringin sama ka saka shi cikin bulok, ka daidaita shi da kan fiston, ka auna tazarar bakinsa. Sabo yakan kasance wajen 0.15 zuwa 0.35 na milimita. In ya haura rabin milimita, ya gama aiki.

Ɗauki bulok da fiston ka nufi wajen masu injin rarake bulok, irin waɗanda ake samu a kasuwar Panteka. Fiston yana da matakai: sitanda, sai 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00. Kada ka sayi fiston kafin a auna. Ka ce da mai injin, "Maigida, duba mini, nawa zai ci?" Shi zai faɗa maka lambar, ka sayo, ka kawo masa ya rarake daidai da fiston ɗin da ke hannunsa. Wajen saye ka buɗe ido. An taɓa sayar mini da ringi a kwali mai kyau, ashe jabu ne, wata biyu bai cika ba hayaƙi ya dawo. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta aiki.

Sai kan injin. Kifa shi a gefe ka zuba kananzir ta ramin da fetur ke shiga, sannan ta ramin salansa. In ka ga yana tsattsafowa ta bakin bawul, ba ya rufewa da kyau. Kwance sifirin ɗin bawul, ka kankare baƙin da ya daskare, ka shafa ɗan man niƙa bawul a bakinsa, ka riƙa murza shi tsakanin tafin hannu kamar mai burga miya, har sai zobe mai ruwan toka ya zagaye bakin ba yankewa. Wanke man niƙan nan sarai, domin yashi ne. Saka sababbin robobin bawul ko da tsofaffin sun yi maka kyau a ido.

Tunda ka riga ka ɓata hannu, buɗe murfin kuloci ka wanke ragar tace mai da kwanon da ke juyawa yana tara datti. Za ka tarar da baƙin laka a ciki. In faifan kuloci sun siranta, jiƙa sababbi a baƙin mai kafin ka saka.

Mayarwa

Kankare tsohon gasket tas, ka sa sabo. Ringi ana saka shi rubutunsa na kallon sama, na mai a ƙasa, kuma kada bakunansu su hau layi ɗaya, ka raba su kusurwa uku. A kan fiston akwai alama: IN yana kallon ɓangaren kafireto, in kuwa kibiya ce, yawanci salansa take nunawa. Kilif sabo za ka sa, tsumman nan yana nan a ramin. Shafe fiston da cikin bulok da baƙin mai, ka matse ringin ɗaya bayan ɗaya da yatsu kana sauke bulok. In ya tirje, tsaya. Ringi da wuya ya lanƙwashe, karyewa yake yi.

Ɗaure notocin kai a gicciye, sau biyu ko uku kana ƙarawa. Mayar da magneto kan T, ka zaunar da faifan kam yadda yake a hoton, ka ɗame sarƙa. Sannan ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. In ya cije, kada ka tilasta, bawul ne ke taɓa fiston, taimin ya kauce. Saita tafet injin yana da sanyi: ƙananan injuna masu sarƙa wajen 0.05 na milimita, irin na CG 0.08.

Zuba sabon baƙin mai, kusan lita ɗaya, ka tabbatar da sandar awo. Wanke ko ka sauya matatar iska, don ita ce ta bar ƙurar da ta cinye tsohon ringin. Taka kik kamar sau goma makulli a kashe don mai ya zagaya, sannan ka kunna. Zai ɗan yi hayaƙi na 'yan mintuna, man da ka shafa ne ke ƙonewa. Kilomita 500 na farko ka bi shi a hankali, ban da lodi, ban da tsere a titin Zariya. Daga nan ka tsiyaye man, ka zuba sabo, ka sake auna tafet.