Yadda ake kula da hannu bayan an sa gaɓar ƙarfe a gindin babban yatsa

Matan da suka haura shekara 50 su suka fi fama da zaizayewar wannan gaɓa, don haka da ke nake, Hajiya. Aikin ba sabo ba ne, tun 1973 wani likita, de la Caffinière, ya fito da irinsa a Faransa. Idan ya yi kyau ciwo kan tafi, ƙarfin riƙo ya dawo da wuri fiye da idan an cire ƙaramin ƙashin da ke gindin yatsan gaba ɗaya. Sai dai ƙarfen akwai tsada, kada ki bari gaggawa ta ja miki asara.

Makonni biyu na farko ki riƙa ɗora hannun a kan matashi, ya ɗara ƙirjinki, kina motsa sauran yatsu huɗun don kumburi ya sauka. Kada bandeji ya jiƙe. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 a cire zare.

Inda na ga mutane suna ɓata aikinsu shi ne daga mako na uku. Ciwo ya ɗauke, sai mace ta ɗauka ta warke, ta kama matse wanki ko tuƙin tuwo. Alhali ɗan kofin da gaɓar ƙarfen ke juyawa a ciki, wanda aka dasa a ƙaramin ƙashin nan, yawanci ba da siminti aka manne shi ba, ƙashi ne zai tofo ya riƙe shi, kuma hakan na cin kamar mako shida. Ga shi idan kika matsa abu da ƙarfin kilo 1 a bakin yatsa, gindinsa na ɗaukar kusan kilo 12. Murɗa makulli, buɗe murfin kwalba, dafa ƙasa a tashi daga tabarma, duk ki bar su. In kofin ya yi sako-sako ko gaɓar ta goce, sai an sake shiga tiyata. A wajena takalmin hannun da ake ɗaura miki don tsare yatsan ba ya fita sai lokacin motsa jiki, ko da kuwa ya ishe ki.

Motsin kuwa mai sauƙi ne: ki taɓa bakin kowane yatsa da babban yatsa, a hankali, ba matsi.

Bayan mako shida a ɗauki hoton ƙashi, likita ya yarda, sai ƙananan ayyuka. Masu nauyi sai wajen wata uku. In kika ji wani ƙas, yatsa ya karkace, ko wurin ya yi ja yana ruwa, asibiti za ki koma ranar, kada mai ɗori ya ja shi.