Kurakuran da Masu Fita Kallon Tsuntsaye Suka Fi Yi a Fadamun Jigawa da Kano

Da zarar ruwan ambaliya ya fara janyewa daga fadamun Haɗejiya a ƙarshen kaka, sai ka fara ganin baƙi, ɗalibai da malamai da 'yan birni, suna sauka daga mota da madubin hangen nesa a wuya, kowa da burin ya ga tsuntsun da bai taɓa gani ba. Abin farin ciki ne ƙwarai, domin dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma yana cikin wuraren da aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 2008, kuma ya cancanci 'yan ƙasa su san shi da ƙafarsu. Sai dai da yawa suna komawa gida ba su ga komai ba sai belbela da kurciya, wasu kuma su koma da labarin baƙon tsuntsun da a gaskiya ba shi suka gani ba. Na yi shekaru ina zagaya waɗannan wurare da gonakin shinkafa na Kadawa da Kura, kuma kurakuran da nake gani kusan iri ɗaya ne, har da waɗanda ni ma na yi.

Babban kuskure, wanda sauran suke rataye a jikinsa, shi ne mutum ya fita neman baƙon tsuntsu alhali bai san na gida ba. Ɗauki fararen tsuntsayen bakin ruwa, waɗanda yawancinmu muke haɗawa mu kira belbela. Wadda take bin shanu tana da gajeren wuya da baki rawaya, kuma a damina takan yi wani ja-ja a ka da ƙirji da baya. Akwai wata siririya mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, amma yatsunta rawaya ne kamar ta taka ruwan ƙwai, ita kuwa ba ta damu da shanu ba, a cikin ruwa marar zurfi take farautar ƙananan kifi. Akwai kuma babbar, wadda tsayinta ya kusa na zalɓe, mai dogon wuya a lanƙwashe. Wanda bai iya raba waɗannan uku ba, ta yaya zai gane ranar da ta huɗu ta sauka a tsakaninsu? Gyaran ba ya bukatar tafiya mai nisa. Mutum ya lizimci kududdufin bayan garinsu na tsawon wata guda, yana zuwa da safe, har sai ya san kowane tsuntsu da ke wurin da siffarsa da tafiyarsa da kukansa, ya san yadda dinya take tashi da nauyi, da yadda garken kirinjijiya yake fito idan ya ratso sama. Idon da ya ƙoshi da na gida shi ne yake tsayawa cak idan baƙo ya gifta.

Wani abin da yake ruɗa sababbin shiga shi ne tsuntsu ɗaya yana canza riga. Namijin mulufi da ake gani jawur a kan karan gero da damina, da rani yakan koma ruwan ƙasa kamar matarsa, har ba ka ce shi ba ne. Haka zalaidu yake zubar da doguwar wutsiyarsa idan lokacin aure ya wuce. 'Ya'yan tsuntsaye da yawa kuma ba sa kama da iyayensu sai sun girma. A farkon fitata, wata safiyar hunturu a gonakin shinkafa na Kadawa, na tsaya a kan kunya ina kallon wani garke na masu dogayen ƙafafu suna tsinta a cikin taɓo, na rubuta iri uku a littafina, domin wasu manya ne wasu ƙanana, wasu ƙafarsu ruwan goro wasu kore-kore, ɗaya ma kansa fari fat. Daga baya wani wanda ya riga ni a harkar ya zaunar da ni ya nuna mini cewa duka iri ɗaya ne, tsuntsun da Turawa ke kira ruff, wanda yake ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Saberiya ya zo mana cin rani. Namijinsa ya fi macen girma nesa ba kusa ba, kuma launin ƙafarsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun daga ranar na daina fara duba launi. Nakan fara da girman jiki, in kwatanta shi da tsuntsun da na sani a kusa da shi, sannan tsawon baki da lanƙwasarsa, sannan yadda yake cin abinci, launi kuwa ya zo a ƙarshe.

Sai kuskuren lokaci. Akwai masu zuwa a watan Yuli suna neman agwagin Turai, da masu zuwa a Janairu suna tambayar ina shamuwa. Shamuwa 'yar Afirka ce, tana iso mana gab da saukar damina, shi ya sa manomi yake murna da ganinta a kan kuka, kuma idan ruwa ya ɗauke sai ta nufi kudancin nahiyar. Masu tsallako hamadar Sahara daga Turai da Asiya kuwa suna fara isowa wajen Satumba da Oktoba, su juya a Maris da Afrilu. Wanda yake son ya gan su a tare, to daga Disamba zuwa Fabrairu ne, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar tafkuna a warwatse, tsuntsaye suka cunkushe a 'yan wuraren da suka rage. Amma kada a dogara da kalanda kaɗai, domin ruwan kogin Haɗejiya ba damina ce kawai take juya shi ba tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Wurin da yake maƙil da ruwa bara yana iya zama busasshe bana, ko kuma ciyawar kacalla ta rufe shi ruf, ta yadda ko jirgi ba ya ratsawa. Kafin a zuba mai a mota, a buga waya ga wani masunci ko manomin yankin a tambaye shi inda ruwa ya kwanta a makon nan.

Cikin yini ma, wanda ya iso da hantsi ya makara. A kwana kusa, a fita bayan sallar asuba, a kuma tsaya ta yadda rana za ta kasance a bayan mutum, domin duk tsuntsun da aka kalla ta fuskar rana baƙi ne. Idan hazo ya yi kauri, gara a haƙura da hangen tsakiyar tafki a mai da hankali kan bishiyoyi da ciyayin gaɓa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gaggawar matsawa kusa. Za ka ga mutum cikin farar shadda tana ƙyalli, ya miƙe tsaye a kan tudu yana nuni da hannu, yana kiran abokansa da ƙarfi, wani ma har ya tafa ko ya yi jifa don garken ya tashi ya samu hoto. Zakaran ƙeƙuwa ne yake fara tona asirinsa, ya tashi yana ƙara, daga nan sai fadamar ta watse gaba ɗaya. Ba ganin tsuntsun kaɗai aka yi asara ba. Waɗannan baƙi, musamman a Fabrairu da Maris, kitse suke tarawa na tsallake hamada, kuma duk tashin da aka sa su yi ba gaira ba dalili daga guzurinsu ake ɗiba. A sa tufafi masu duhu ko ruwan ƙasa, a tafi mutum uku ko huɗu kawai, a nemi gindin goruba ko ƙaya a zauna ƙasa a yi shiru. Na sha zama haka kamar rabin sa'a, sai ka ga tsuntsayen da suka gudu sun dawo ɗaya bayan ɗaya, har wata rana wani ƙaramin mai kamun kifi, shuɗi mai jan baki, ya sauka a kan kara bai fi taku biyar daga ƙafata ba, ya faɗa ruwa ya fito da ɗan kifi, ya buga shi a jikin karan sau biyu kafin ya haɗiye.

Fadama kuwa tana da masu ita, kuma mantawa da wannan kuskure ne mai tsada. A halin da ake ciki na rashin tsaro, baƙon da ya sauka a bayan gari da kyamara da madubin hangen nesa yana leƙe-leƙe dole ne a yi masa kallon tuhuma, kuma mutanen gari suna da gaskiya. Hanya ita ce a fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, a yi sallama, a ce, "Ranka ya daɗe, mun zo kallon tsuntsaye ne a fadamarku, muna neman izini da wanda zai raka mu." Ban taɓa yin haka aka hana ni ba. Ɗan rakiyar a sallame shi da abin kirki, domin aikinsa ya bari. Kada a taka shuka, kada a rushe kunyar da manomi ya tare ruwa da ita, kada a taɓa koma ko gora da masunta suka kafa. A kuma kula da harshe a gaban manomin shinkafa: garken jan-baki da yake burge mai kallo idan ya turnuƙe sama kamar hayaƙi, shi ne wanda yake hana 'ya'yan manomin barci suna kora da gwangwani tun asuba. Wani dattijo a wajen Kirikasamma ya taɓa ce mini, "Yaro, kai kallo ya kawo ka, mu kuwa abincinmu suke ci." Daga shi na koyi inda dinya take kwana da watan da take raguwa, abin da babu littafin da ya faɗa mini. Abu guda kawai za a kiyaye, sunan tsuntsu yakan bambanta daga gari zuwa gari, suna ɗaya kuma yakan haɗa iri da yawa, don haka a rubuta sunan da aka ji tare da siffar abin da ido ya gani.

Wannan ya kawo mu ga rubutu. Da yawa suna ganin tsuntsu sai su sunkuya kan littafi ko waya suna neman hotonsa, kafin su ɗago ya tafi, sai zuciya ta cike gurbin da abin da take so. A kalli tsuntsun har sai ya tafi da kansa, a rubuta abin da aka gani nan take, sannan a buɗe littafi. Littafin ma ya zama na Afirka ta Yamma, domin Najeriya tana da irin tsuntsaye sama da 900, kuma littafin Turai ba zai nuna yawancinsu ba. Manhajojin waya irin su Merlin suna taimakawa, amma shawara suke bayarwa, ba hukunci ba. Idan mutum yana zaton ya ga wani abu da ba a cika gani ba, misali agwagwar nan mai launin jan ƙasa da farin ido da fari a ƙarƙashin wutsiya, wadda takan ɓuya cikin dubban sauran agwagi a tafkunan Haɗejiya da Nguru, to ya ɗora kyamarar waya a kan idon madubin ya ɗauki hoto ko da dishi-dishi ne, ya rubuta rana da sa'a da wuri, da dalilin da ya sa ya ce ba wata mai kama da ita ba ce. Ba abin kunya ba ne a rubuta "ban tabbatar ba". Bayanan da aka tsare haka suna da amfani ga masu bincike, kamar cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, da masu ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a faɗin duniya kowane watan Janairu.

Akwai kuma labarin da bai kamata a baza ba. Gauraka, wadda iyayenmu suka saba gani garke-garke a fadamun nan, yanzu ganinta a daji sai an yi sa'a, kuma kamun da ake yi mata don a ajiye a gidajen masu hali yana cikin abin da ya ƙarar da ita. Ungulu da ta cika mahautanmu a da, tun 2015 aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da cinikin sassan jikinta. Wanda ya dace da ganin ɗayansu, musamman a kan sheƙa, kada ya sa sunan ƙauyen da bishiyar a Facebook ko WhatsApp, domin ba masu kallo kaɗai suke karantawa ba. Ya isa ya ambaci ƙaramar hukuma, cikakken bayanin kuma ya ba masu bincike kai tsaye. Haka nan kada tausayi ya sa a sayi tsuntsun da yaro ya kama da tarko don a sake shi, domin kuɗin da aka ba shi gobe zai mai da shi daji da tarko biyu.

Lafiyar jiki ma ana sakaci da ita. Ruwan da yake kwance a fadama da magudanan noman rani yana ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga, saboda haka a sa takalmin roba mai tsawo, wanda kuma yake kare mutum daga maciji a cikin ciyawa. Idan za a shiga kwalekwale, kada a yarda a cika shi fiye da kima, kada kuma kowa ya miƙe tsaye don ya hango tsuntsu. Mataccen tsuntsu ba a ɗaukarsa da hannu, tun da murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan a 2006 kuma ba ta daina dawowa ba. Idan an ga sun mutu da yawa a wuri ɗaya, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. In kuwa an ga zoben ƙarfe a ƙafar tsuntsu, ko a hannun wani mafarauci da ya cire ya ajiye, a roƙe shi a ɗauki hoton lambar da adireshin da ke jiki, a juya zoben a ɗauki kowane gefe, a rubuta ranar da wurin da aka same shi, domin da wannan lambar ce waɗanda suka sa zoben za su gano ƙasar da tsuntsun ya taso da shekarar da aka sa masa.