Yadda ake sa fure ya buɗe a cikin ɗaki ana tsakiyar hunturun Turai

A Kanada da arewacin Turai, daga Disamba zuwa Maris lambu a daskare yake. Duk da haka ana iya samun furen hayasint ko tulif a bakin taga tun Janairu, idan an ba albasarsu, wato dunƙulen da furen ke tsirowa daga cikinsa, sanyin da take buƙata kafin lokaci.

Sayi albasar furen a watan Satumba ko Oktoba, manya masu tauri, marasa tabo. Yawancinsu daga Holan ake kawo su. Sa safar hannu idan za ka taɓa ta hayasint, domin tana sa ƙaiƙayi.

Samu tukunyar shuka mai huji a gindi, faɗinta santimita 15. Tana ɗaukar hayasint 3 ko tulif 5 zuwa 6. Zuba ƙasar shuka mara riƙe ruwa, ka jera su tsinin yana kallon sama, kusa da juna amma kada su taɓa. Bar tsinin a waje. Ita tulif, juya gefenta mai faɗi wajen bangon tukunya, don ta nan babban ganye ke fitowa. Ba su ruwa.

Sai sanyi, kuma a nan aikin yake. Ajiye tukunyar a wuri mai duhu da sanyin digiri 4 zuwa 9 a ma'aunin Salshiyas: firiji, ko garejin da ba ya daskarewa. Hayasint na son mako 12 zuwa 13, tulif har 16. Wanda ya yi gaggawar fito da ita zai ga furen ya maƙale a tsakanin ganye, kara bai tashi ba. Kada a haɗa ta da tuffa a firiji ɗaya; iskar da tuffa ke fitarwa tana kashe furen tun yana cikin albasa. Riƙa taɓa ƙasar, ta zauna da danshi kawai, ruwa ya yi yawa albasar ruɓewa za ta yi.

Da saiwa ta leƙo ta hujin gindi, toho ya kai santimita 5, mayar da tukunyar ɗaki mai ɗan sanyi da ƙarancin haske na mako guda, sannan bakin taga. Cikin mako 2 zuwa 4 za ta buɗe. Nisanta ta da hita, zafi na sa kara ya zube.

Albasar nan guba ce, kuma ta yi kama da ta miya. Kada ta kwana cikin kayan miya a kicin, ko inda yara da kyanwa za su kai gare ta.