Yadda ake tsara fitilun tsakar gida da baranda tun kafin a ja waya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo ƙatuwar fitila guda mai tsananin haske, a kafa ta can saman bango, a ce an gama. Da dare ya yi sai tsakiyar fili ta yi fes, amma bayan mota da gindin bishiya da lungun katanga su fi da duhu. Ido ne ke jawo haka. Yana daidaita kansa da abin da ya fi haske a gabansa, idan fitila ta dalle shi sai ya daina ganin duk abin da ke inuwa. Farin wata idan ya cika, haskensa a ƙasa bai kai luks ɗaya ba (luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a wuri), amma mutum yana ganin hanya sarai da shi, domin ya bazu ko'ina daidai. Saboda haka ƙananan fitilu da yawa, kowace da aikinta, sun fi babba guda ɗaya, kuma galibi sun fi ta ƙarancin shan wuta.

Fara da takarda da tocila

Ka zana filin gidan a takarda, ko da zanen bai yi kyau ba, ka rubuta tsawo da faɗi da mita. Ka nuna ƙofar shigowa, hanyar da ƙafa ke bi, matattakala, wurin zama, wurin ajiye mota, bishiyoyi, famfo, tagogin ɗakunan kwana, da inda akwatin rarraba wuta yake. Tagogin maƙwabta ma ka saka su.

Bayan duhu ya sauka sai ka kashe duk fitilun waje, ka fita da tocila mai ƙarfi, tare da wani da zai riƙe maka. Ya tsaya inda kake tunanin kafa fitila, ya ɗaga ta zuwa tsayin da za ta zauna, kai kuma ka je ka zauna a kujerar da aka saba zama, ka leƙo ta tagar ɗaki, ka taho daga bakin ƙofa kamar baƙo. Duk inda ka hango ƙwan tocilar kai tsaye ta kashe maka ido, wurin bai yi ba, ko kuma fitilar da za a sa a nan sai mai hula wadda ke tura haske ƙasa. Rabin awa na wannan yawo ya fi duk wani hoton da ke jikin kwali.

Kowane wuri da irin haskensa

A jikin kwali akwai lamba biyu da ake rikitawa. Wat yana nuna wutar da fitila ke sha, lumen kuma yana nuna hasken da take bayarwa. Lumen za ka duba. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, ƙwan LED mai wat 8 zuwa 10 yana ba da wannan hasken.

Hanyar ƙafa ba ta buƙatar da yawa. Gajerun fitilu masu tsayin santimita 40 zuwa 60, kowace lumen 100 zuwa 200, tazarar mita biyu zuwa uku tsakaninsu. Kada a jera su biyu-biyu suna kallon juna kamar filin jirgi. A sa ɗaya a dama, ta gaba a hagu, yadda da'irar hasken wannan za ta ɗan taɓa ta waccan.

Matattakala ita ce wurin da ya fi cancantar kulawa, don a nan ake faɗuwa. Abin da ƙafa ke nema shi ne bakin kowane taki, kuma ba a ganinsa sai akwai ɗan bambanci tsakanin saman takin da fuskarsa. Fitilar da ke bayan mai saukowa tana jefa inuwarsa a daidai inda zai taka. Mafi kyau a binne ƙananan fitilu a bangon gefe, santimita 20 zuwa 30 sama da takin, ɗaya bayan kowane taki biyu ko uku, lumen 50 zuwa 100 ya wadatar. Takin farko da na ƙarshe lallai su sami haske.

A bakin ƙofa, fitilar gefe ta fi ta saman kai. Wadda ke sama tana duhunta idanu da ƙasan fuskar wanda ya ƙwanƙwasa, ta gefe kuwa, a tsayin kusan mita 1.7, tana nuna fuska da ramin mukulli. Lumen 400 zuwa 800.

Wurin zama yana son haske mai laushi wanda ya bugi bango ko rufi ya dawo. Idan akwai tebur ƙarƙashin rumfa, a rataya fitila santimita 75 zuwa 90 sama da shi, ta haska teburin ba tare da ta shiga idon masu zama ba. Fitilun igiya masu ƙananan ƙwayaye su wuce mita 2.4 daga ƙasa, kuma idan tazarar ta yi nisa a ɗaure su a kan wayar ƙarfe, kada wayar wutar ce ke ɗauke da nauyin kanta.

Na ado ba dole ba ne. Idan za a yi, a zaɓi abu ɗaya ko biyu kawai. Doguwar bishiya siririya tana son fitila mai tsukakken haske, wanda buɗewarsa digiri 15 zuwa 25 ce, a gindinta. Mai faɗin rassa tana son digiri 40 zuwa 60, a ɗan ja baya da ita.

Launin haske

Lambar da ke ƙare da harafin K ita ke nuna launi. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ruwan ɗorawa, 4000K fari ne, 6500K kuma fari fat mai ratsin shuɗi. A wurin zama da hanya, 2700K ko 3000K ya fi daɗin ido, kuma ƙwari sun fi rububin haske mai shuɗi-shuɗi fiye da wannan. Inda faɗa-wuta suka taru, gizo-gizo da tsaka za su biyo, sai gilashin fitila ya cika da saƙa. Dabara mai sauƙi ita ce a nisanta fitila mafi haske daga ƙofa da tebur, ƙwarin su tafi can. Kuma a tsaya a launi ɗaya a duk wurin da ido ke gani lokaci guda. Fari a nan, ɗorawa a can, yana sa gida ya yi kamar an yi masa faci.

Ruwa da ƙura

Duk fitilar waje tana da alamar IP da lambobi biyu. Ta farko kariya ce daga ƙura da ƙananan abubuwa, ta biyu daga ruwa. IP44 tana jure fantsamar ruwa, ta dace da ƙarƙashin baranda. IP65 ƙura ba ta shiga, tana jure feshin tiyo, ita ce ta bangon da ruwan sama ke duka. IP67 tana jure nutsewa har zurfin mita ɗaya na minti 30, ita ake binnewa a ƙasa. Wadda za ta zauna cikin ruwa dindindin sai IP68. Fitilar da babu wannan alama a jikinta ta cikin ɗaki ce, komai kyanta.

Jikin fitilar ma abin dubawa ne. Baƙin ƙarfe mai fenti yana tsatsa daga ramin kusa, roba mai arha tana rawaya ta tsage a rana. Alminiyam mai kaurin fenti da tagulla sun fi daɗewa.

Wace wuta za a ja?

Hanya uku ce. Wutar gida kai tsaye, 230V a yawancin ƙasashe, ta dace da fitilun jikin bango da babbar fitilar tsaro, kuma aikin ƙwararren mai wayarin ne. Dole layin ya bi ta na'urar RCD mai 30mA wadda ke katse wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma duk fitila mai jikin ƙarfe a haɗa ta da wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa.

Ta biyu ita ce ƙaramar wuta, 12V ko 24V, ta hanyar tiransifoma. Ita ce ta fi dacewa da lambu da hanya, inda fartanya da yara da ruwa ke haɗuwa da waya. Lissafinta ba wuya. A ce fitilu shida ne, kowace wat 5, jimla wat 30. Ba a ɗora wa tiransifoma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta, don haka mafi ƙanƙanta ita ce mai wat 40, amma mai wat 60 ta fi, saboda wanda ya ga kyan fitilu shida ba ya rasa ƙara biyu.

Matsalar ƙaramar wuta ita ce raguwa a hanya. Wat 30 a kan 12V yana jan amfiya 2.5 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya). Idan fitilun suna can nesa da mita 20, wutar tana tafiyar mita 40 ne, zuwa da dawowa. A wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5mm², kusan 1.2V zai ɓace a hanya, wato kashi ɗaya cikin goma. Abin da za a gani shi ne fitilun ƙarshe sun dusashe ko suna ƙyaftawa. Da waya mai 2.5mm² asarar ta sauko zuwa 0.7V. Da 24V kuwa, a waccan siririyar wayar, asarar ba ta wuce 0.6V ba cikin 24, abin da ido ba zai lura da shi ba. Wata hanyar ita ce a sa tiransifoma a tsakiya, a raba layi biyu gajeru maimakon dogo guda.

Ta uku sola ce mai farantinta da batirinta a jiki. Ba waya, ba haƙa, amma tana son rana kai tsaye awa shida zuwa takwas, ƙura a kan farantin tana rage caji, kuma batirin yana gajiya da shekaru. Ta yi a lungu mai nisa. Kada a dogara da ita a matattakala, don daren da aka wuni da hadari shi ne daren da taki ke da santsi, kuma shi ne daren da za ta mutu da wuri.

Jan waya

Wayar wutar gida da za ta bi ƙasa ta zama mai sulke ko ta shiga bututu mai ƙarfi, a zurfin santimita 45 zuwa 60 gwargwadon dokar wurin, a shimfiɗa kintinkirin gargaɗi a samanta kafin a ƙarasa cike ramin. Ta ƙaramar wuta santimita 15 ya isa. Idan za a zuba siminti ko a shimfiɗa tayil, a binne bututu fanko da igiya a ciki tun yanzu, ko da ba a shirya sa fitila ba. Kafin a rufe rami a ɗauki hotonsa.

Yawancin lalacewar fitilun waje daga mahaɗar waya take farawa. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya kai damina biyu. A yi haɗin cikin akwati mai hana ruwa, wayoyin su shiga ta ƙasansa. Inda waya ta gangaro bango za ta shiga fitila, a bar ta ta ɗan sauka ƙasa da ramin shigar sannan ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a lanƙwasar.

Makunnai

A raba aƙalla layi uku: hanya da ƙofa, wurin zama, sai tsaro. Na wurin zama ya samu makunnin rage haske, amma a tabbata an rubuta a kwalin ƙwan cewa yana karɓar ragewa, in ba haka ba zai yi ta rawa da ƙara. Na hanya a haɗa shi da na'urar da ke kunnawa idan duhu ya yi. Ita wannan kada hasken fitilar da take kunnawa ya faɗa mata, domin za ta ɗauka gari ya waye ta kashe, duhu ya dawo ta kunna, haka har safe.

Fitilar tsaro, lumen 1000 zuwa 2000, ta fi amfani idan motsi ne ke kunna ta. Na'urar gano motsi tana jin ɗumin jiki, kuma ta fi kama wanda ya gitta ta gabanta fiye da wanda ya nufo ta kai tsaye, saboda haka a kafa ta a gefen hanya, tsayin mita 2 zuwa 2.5. Idan tana kunnawa ba kowa, a duba reshen da iska ke kaɗawa, iskar zafi daga na'urar sanyaya ɗaki, ko motocin titi. Kan fitilar ya sunkuya ƙasa sosai, haskenta ya tsaya cikin katangarka.

Kafin a rufe rami

A shimfiɗa wayoyin a saman ƙasa, a haɗa komai, a zauna da shi dare biyu ko uku. A bar rarar waya kamar rabin mita a gindin kowace fitilar lambu, domin shuka tana girma, fitilar da ke fili bana baɗi tana cikin ganye. A auna wutar da ke isa fitilar ƙarshe alhali duk suna kunne. Idan RCD tana faɗuwa bayan ruwan sama, danshi ya shiga wata mahaɗa ko wata fitila: a kashe wuta, a cire layukan ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin, kuma kada a kuskura a tsallake na'urar. Ɗan gumi a cikin gilashi da sassafe wanda ke bushewa da rana ba komai ba ne, amma ruwan da ya kwanta a ƙasan gilashin yana nufin robar bakin murfin ta saki, ko an kafa fitilar a kife, ramin fitar ruwanta yana kallon sama.