Idan manhajar ɗaukar sauti ta ƙi ganin sawun-kad: kurakuran da aka fi yi

A yawancin ƙananan sutudiyoyin Sabon Gari da Samaru a Zariya, da zarar manhajar ɗaukar sauti irin su FL Studio ko Cubase ta ƙi nuna sawun-kad (na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta ta wayar USB), sai a yanke hukunci cewa na'urar ta ƙone, ko a kai kwamfuta a goge ta kaf. Galibi lafiyarta ƙalau. Matsalar tana tsakanin waya, direba (ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar) da saitin manhaja, kuma a wannan jerin ya kamata a bi su.

A fara da waya. Wayoyin USB masu araha da yawa na caji ne kawai, babu zaren da ke ɗaukar bayanai a cikinsu. Fitilar na'ura za ta kama, mutum ya ɗauka komai ya yi, alhali kwamfuta ba ta san an soka mata wani abu ba. A buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da aka haɗa, a cire waya a mayar. Idan jerin bai motsa ba, a canza waya ko rami. A kuma guji soka ta a ƙaramin abin nan mai raba rami ɗaya gida huɗu: ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kaɗai yake bayarwa, idan linzami da filashi suka ci rabonsu, abin da ya rage ba zai riƙe na'urar ba, musamman idan an kunna 48V, wutar da na'urar ke ba makirfon kondensa. Lokacin hunturu ƙura kan toshe ramin, a share shi da busasshen buroshi bayan an kashe kwamfuta.

Babban kuskuren shi ne na direba. Windows za ta iya fitar da sauti ta na'urar da direbanta na gama-gari, wannan ne ke yaudarar mutane: waƙa na tashi a burauza, amma manhajar ɗauka ba ta ga komai ba. Abin da take nema shi ne direban ASIO, wato direba na musamman don aikin ɗaukar sauti, na kamfanin da ya ƙera na'urar. Mai Focusrite Scarlett ya sauke nasa daga shafin Focusrite, mai Behringer UMC202HD daga na Behringer, a duba lambar samfurin da kyau, kada a karɓi wanda wani ya turo ta filashi ba a san na wace na'ura ba ne. A girka, a sake kunna kwamfuta. Direban ASIO4ALL na masu na'urar da ba ta da direban kanta ne, irin su Behringer UM2. Ɗora shi a kan Scarlett jawo wa kai wahala ne kawai. Wanda kuma dole ta sa yake amfani da shi, ya buɗe allonsa ya kunna na'urar da hannu, ya rufe duk wata manhaja da ke riƙe da sauti. Masu Mac ba su cika buƙatar direba ba.

Girka direba bai isa ba, sai an zaɓe shi. A FL Studio a danna F10, a shiga Audio, a zaɓe shi a Device, sannan a je mikisa a zaɓi layi a ba shi mashiga ta 1 ko ta 2. A Cubase ana zaɓa a Studio Setup, a haɗa mashigai da F4. Audacity kuwa ba ta ganin abin da aka soka bayan an buɗe ta, sai an danna Rescan Audio Devices a ƙarƙashin Transport. Don haka a riƙa soka na'ura kafin a buɗe manhaja.

Idan sunan na'ura ya fito amma mitar da ke nuna ƙarfin sauti ba ta motsi, a duba izinin makirfo a saitin sirri na Windows ko na Mac. Makirfon kondensa kuma ba ya magana sai da wayar XLR da maɓallin 48V a kunne.

Saura ƙarar tas-tas da yankewa. A daidaita adadin samfur (sample rate, wato sau nawa ake auna sauti a daƙiƙa ɗaya), idan aiki yana kan 44100 Windows ma ta zauna a 44100, kada ɗaya ya kasance 48000. A sa bafa (buffer size, girman guntun sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci ɗaya) a kan 128 ko 256 lokacin ɗauka, 512 zuwa 1024 lokacin haɗa sauti. Ga wani abu da ya shafe mu a Zariya: idan aka ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, Windows takan rage wa ramukan USB wuta, na'ura ta ɓace ana tsakar ɗauka. A shiga Power Options a kashe USB selective suspend a ɓangaren batir da na caji duka, kuma a adana aiki kafin a juya zuwa janareta.