Kurakuran da aka fi yi wajen ceto tsofaffin fina-finai daga kaset da faifai

Akwai fina-finan Hausa na shekarun 1990 da farkon 2000 da yau ba ka samunsu a ko'ina sai a kwalin kaset da ke ƙarƙashin gadon wani. Da kyamarar bidiyo aka ɗauke su, a kaset aka kai su kasuwannin Ƙofar Wambai da Bata a Kano aka sayar, masu su kuma da yawa ba su adana asalin aikin ba. Haka tsofaffin fina-finan Indiya da iyayenmu suka haddace waƙoƙinsu. Don haka wanda ya ɗauri niyyar mayar da su kan kwamfuta, ya gyara su don iyali su kalla a babbar talabijin, ya ɗauko aikin kirki. Abin da ke damuna shi ne, mafi yawan ɓarnar da ake yi wa waɗannan fina-finai daga hannun masu sonsu take fitowa, saboda ana so a tilasta wa fim ɗin da ya kama da na bana.

Ɓarnar tana farawa tun kafin a kunna kwamfuta. Mutum ya ciro kaset da ya shekara ashirin yana shan ƙurar hunturu da laimar damina, ya cusa shi cikin bidiyo kai tsaye. Ka fara leƙa tagar kaset ɗin. In ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, funfuna ce, kuma in ka kunna shi a haka za ta shafe kan bidiyon, ta bi duk kaset ɗin da ka saka bayansa. Ware shi gefe, sai an goge shi a wata tsohuwar na'ura da ba ka damu da ita ba. Wanda yake lafiya kuwa, ka tura shi har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya don zaren ya saki jiki, sannan ka karya ɗan harshen nan na bayansa don kada wani ya danna ɗauka bisa kuskure. In kan bidiyon ya yi datti, kada ka sa masa auduga, domin zarenta yana maƙalewa ya karya shi. Farar takarda da aka jiƙa da sifirit mai tsabta ake dannawa a hankali a jikin gangar da ke ɗauke da kan, ana juya ta da yatsa. In hannunka bai saba ba, kai wa mai gyara.

Sai ɗaukar hoton kansa, wanda shi ne matakin da ba ya gyaruwa daga baya. Ɗora waya a gaban talabijin ba ceto ba ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi ƙaramar na'urar USB mai araha, a bar manhajar da ta zo da ita ta matse hoton zuwa MP4 tun yana shigowa. Abin da matsewar ta zubar ya tafi ke nan. A ɗauka da manhajar VirtualDub ko makamanciyarta, a tsarin da ba ya zubar da komai, irin su HuffYUV ko Lagarith ko FFV1. Awa guda za ta ci wajen gigabayit 30, amma wannan fayil shi ne uwa, daga gare shi za ka riƙa fitar da ƙanana. A duba tsarin talabijin kuma. Najeriya da Ghana PAL suke amfani da shi, wato hoto mai ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsayi, firam (hoto ɗai-ɗai) 25 a daƙiƙa, alhali na'urori da yawa suna zuwa ne a saite kan NTSC na Amurka. Kaset da aka naɗa daga talabijin a Nijar yana iya zama SECAM, kuma a bidiyon PAL zalla zai fito baƙi da fari, mutum ya ɗauka launin ne ya mutu, alhali na'ura mai karɓar tsari da yawa kawai yake nema. In hoton yana karkacewa daga sama ko yana rawa, ratsa shi ta cikin wasu tsofaffin na'urorin naɗar DVD na Panasonic, kamar DMR-ES10 ko ES15, yana miƙar da layukan. Kuma tunda ɗaukar tana cin tsawon fim ɗin gaba ɗaya, ka tanadi batir ko inbata. Wuta ta ɗauke a minti na saba'in, sai dai a koma farko.

Tun a wannan mataki ake kashe fuskoki. In hasken shigowa ya yi ƙasa, duk abin da ke cikin inuwa sai ya dunƙule ya zama baƙi ƙirin, kuma a fim ɗin da 'yan wasansa baƙaƙen fata ne, aka ɗauki wasu fitowar da daddare da fitila ɗaya, fuska ce take fara ɓacewa. In ya yi sama, farar shadda ta ƙone, aikin wuyanta ya tafi. Ka nemo fitowa mafi duhu da mafi haske, ka daidaita a kansu kafin ka danna ɗauka.

Faifan VCD da DVD ba sa bukatar wannan wahala, amma ana ɗora musu ita. Sai ka ga mutum ya kunna faifai yana sake naɗar abin da ke fitowa, alhali fayil ne a ciki. A VCD, buɗe jakar MPEGAV ka kwafe fayilolin DAT yadda suke. A DVD, MakeMKV yana ciro fim ɗin ba tare da ya taɓa ingancinsa ba. Sai dai ka sani VCD 352 da 288 ne kacal, an riga an matse shi, don haka in kana da kaset mai kyau na fim ɗaya, sau da yawa shi ya fi dacewa a yi aiki a kansa. Kwafin da ya bi ta WhatsApp ko hannun masu tura fina-finai a waya shi ne zaɓi na ƙarshe.

Hoton bidiyo na zamanin kaset rabi-rabi yake zuwa: layi na 1 da 3 da 5 a lokaci ɗaya, na 2 da 4 da 6 a lokaci na gaba, sau 50 a daƙiƙa. A allon zamani, in ba a haɗe su daidai ba, gefen duk abin da ke motsi sai ya yi zara-zara. Masu gaggawa sukan zubar da rabi ɗaya, motsi ya koma yana tsalle, rawa ta rasa laushinta. Fim ɗin Hausa da aka ɗauka da kyamarar bidiyo a fitar da shi a firam 50, da QTGMC ko bwdif da ke cikin FFmpeg da HandBrake. Kada a mayar da shi 24 wai don ya yi kama da na silima, ba haka aka haife shi ba.

Fina-finan Indiya da na Turawa da aka ɗauka a kan fim na silima lissafinsu dabam ne, kuma a nan masu haɗa sauti suke shan wuya. Asalinsu firam 24 ne. Da za a sa su a kaset ko faifan PAL, sai aka ƙara musu gudu zuwa 25, wato wajen kashi 4 cikin ɗari. Fim na awa uku ya ragu da fiye da minti bakwai, muryar mawaƙiya ta ɗan ƙara siranta. To mutum ya samo hoto mai kyau daga Blu-ray, yana so ya ɗora masa sautin tsohon faifansa. Ya daidaita farko, baki da magana sun hau, bayan minti biyar sun rabu. Sai ya yi ta yanka yana turawa har gari ya waye. Maganin shi ne a rage gudun sautin gaba ɗaya tun farko: kashi 4 in hoton 24 ne, kashi 4.096 in 23.976 ne. A Audacity a zaɓi umarnin da ke sauya gudu da kaifin murya tare, domin shi zai mayar da waƙar muryarta ta asali. Amma in sautin fassarar Hausa ne da aka naɗa a kan kwafin PAL, muryar mai fassarar daidai take, rage mata kaifi zai kumbura ta, don haka gudun kaɗai za a ja. Bayan haka ma sai an bi fitowa-fitowa, saboda kwafin fassara yakan rasa wasu wurare da aka datse.

Miƙe hoto don ya cika allo kuskure ne mai sauƙin gani: fim ɗin 4:3 ne, an ja shi zuwa 16:9, kowa ya yi ƙiba. Wasu kuma su yanke sama da ƙasa, hula da ɗankwali su tafi. A bar baƙin gefen nan. 'Yan layukan da ke rawa a can ƙasan hoton kaset kuwa a rufe su da baƙi kawai.

Inda na fi jin zafi shi ne wankin hoto. Kaset yana da tsakuwa-tsakuwa, fim na silima yana da nasa ƙwayoyin, kuma manhajojin yanzu suna share su da danna maɓalli ɗaya. Na ƙirƙirarriyar basira, irin su Topaz Video, suna ƙara da alkawarin mayar da VCD ya zama 4K. Ka tsayar da fim ɗin a kan fuskar wani dattijo, ka jera kafin da bayan gyara. A na farko, duk da dishi-dishi, kana ganin zanen da ke kumatunsa, da furfurar da ta fara ratsa gemu, da tattarar goshi. A na biyu fatar ta yi sumul kamar an shafe ta da kakin zuma, zanen ya ɓace domin manhajar ta ɗauke shi a matsayin datti. Sauko kan rigarsa: aska takwas da aka yi wata da watanni ana ɗinkawa ta koma wasu layuka da babu maɗinkin da ya taɓa yin irinsu. Ƙunshin amarya ya zama tabo. Na can baya cikin taron biki kuwa, an ƙirƙira musu idanu da haƙoran da ba nasu ba. Manhajar ba ta san abin da ke wurin ba, cike gurbi take yi da abin da ta saba gani. Ga jarumin da ya rasu, wannan fuskar da ke kaset ita ce abin da ya rage wa iyalinsa da masoyansa, bai kamata a musanya masa ita ba. In za a rage tsakuwa, a rage kaɗan, a duba fuska da tufafi a babban allo, fim na tafiya, ba a tsaye kaɗai ba. Da zarar zanen fuska ya fara dusashewa, an wuce gona da iri, a koma baya. Haka launi: kada a ƙara haske har baƙin mutum ya koma wankan tarwaɗa. Nemi abin da ka san fari ne, farar riga ko bango, ka daidaita a kansa, ka tsaya. Fim baƙi da fari kuma a bar shi a yadda mai shi ya haska shi.

Sauti ma haka. In aka matsa wajen cire shuuu ɗin kaset, muryoyi sukan koma kamar daga cikin ruwa. Gurnanin wutar lantarki yana zaune a 50 Hz da ninkinsa, ana iya cire shi shi kaɗai ba tare da an taɓa magana ba.

Datse fim don kallon iyali ba laifi ba ne, magidanci ya fi kowa sanin abin da yake so yaransa su gani. Kuskuren shi ne a datsa a jikin uwar fayil, ko a yanka a tsakiyar kiɗa har kunne ya ji tsallen. A yi a kwafi, a yanka inda fitowa ta ƙare, a lanƙwasa sautin ya sauka a hankali. LosslessCut yana yanka ba tare da sake matse hoto ba. Wanda waƙoƙi ne kawai ba ya so a wasu lokuta, ya sa alamun babi a fayil ɗin MKV, a riƙa tsallakewa da rimot. Sunayen ma'aikata na farko da ƙarshe kada a taɓa su, domin wani mai ɗaukar hoto ko mai kiɗan fiyano nan ne kaɗai sunansa ya rage. Tallace-tallacen fina-finai masu fitowa da ke farkon kaset ma a adana su a fayil dabam, wani lokaci su ne kaɗai shaidar fim ɗin da ya ɓata. Rubutun fassara kada a ƙona shi a jikin hoto: a yi shi a fayil ɗin SRT da Subtitle Edit, a adana a UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iya fitowa a gurɓace. Ɗora suna da lambar waya a kusurwar fim ɗin wani kuwa ɓata aiki ne, sayar da shi ko watsa shi kuma cin haƙƙi ne. Satar fasaha ta riga ta durƙusar da furodusoshi da yawa. In mai fim ɗin ko magadansa suna nan, kai musu kwafi, wataƙila su kansu ba su da shi.

Kuskure na ƙarshe shi ne a gama a zubar da kaset, a bar fim ɗin a filashi ɗaya. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano asalin naɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Da an zubar da gwangwanayen da fim ɗin ke ciki, da babu abin da za a gyara. Kayan aikin gyara suna ƙara kyau kowace shekara, wanda ya riƙe asali zai iya sake gwadawa. Ka ajiye uwar fayil a hadis (hard disk) biyu, ɗaya a wani gida dabam, ka rubuta sunan fim da shekara da na'urar da ka yi amfani da ita a ƙaramin fayil kusa da ita. Kaset ɗin kuma a mayar da zarensa farko, a sa shi a kwalinsa, a jera shi a tsaye a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika da rana da bangon da ke tsattsafo da damina.